Uwar Lanying a Bakin Kowa

Dou Lanying ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba a rayuwarta sai da ta zo Melbourne ta ƙasar Ostareliya. A Shenyang, garinsu a ƙasar Sin, cikakkiyar nas ce, ta shekara goma sha biyar a ɗakin masu ciwon zuciya, har ƙananan likitoci na shakkarta. A nan kuwa aikinta wanke tsofaffi a wani gidan kula da su a unguwar Box Hill, ta canza musu zanin gado, ta ba su abinci a baki, allura ko ɗaya ba a yarda ta taɓa ba. Abu ɗaya ne ya tsaya tsakaninta da farar rigarta, jarrabawar Turanci, a cikin jarrabawar ma ɓangare ɗaya. Karatu ta ci, rubutu ta ci, sauraro ta ci. Magana ce ta ƙi. Ka shiga ɗaki, mai jarrabawa ta miƙa maka kati da tambaya a kai, ka yi ta zuba har minti biyu ba tsayawa, sannan ta bi ka da wasu tambayoyin. Sau biyu Lanying na fitowa saura rabin maki. Rabin maki fa, abin takaici.

Duk wanda abin ya ishe shi a Box Hill, ƙafarsa wuri ɗaya take kai shi, ajin Malam Kuang, a benen da ke saman shagon gasa agwagwa. Tun daga matakala warin kitse ke tarbar mutum, ya bi shi har cikin littafinsa. Malam Kuang gajere ne mai sanƙo, kullum da kofin shayinsa mai murfi, kuma a faɗi gaskiya ɗalibansa na ci. Hanyarsa ta dace da mu sarai, mu 'yan Sin da tun muna yara da hadda muka haye kowace jarrabawa.

"Tambayoyin katin nan sun fi gashin kaina yawa," haka yake farawa, yana shafa sanƙo, aji ya kwashe da dariya. "Wawa ne zai haddace amsa hamsin. Mai hankali labari ɗaya yake riƙewa, mai kyau, ya riƙa juya shi. An ce faɗi mutumin da kake girmamawa, ga labarinka. An ce abincin da ka fi so, shi ne dai. An ce ranar da ba za ka manta ba, shi ne dai. Turawan nan tausayi gare su. Ku sa musu ƙwalla a ido, maki zai fito da kansa."

Wanda bai da labari, Malam Kuang ya ba shi a takarda, an gyara Turancin tsaf. Ba wanda ya taɓa tambayar inda yake samo su.

Lanying ta ce ita ba ta buƙatar aro, tana da nata. Ba ta kai shi aji ba, ba ta rubuta shi ba. Mutum ɗaya tak ta faɗa wa, Pang Huiru, abokiyar aikinta, 'yar birnin Tianjin na can ƙasarsu, bazawara mai surutu da saurin dariya, wadda ita ma jarrabawar ta hana ta sakat. Lokacin hutu sukan shige ɗakin wanki, inda ƙarar injin busar da kaya ke rufe musu asiri, ɗaya ta zama mai jarrabawa, ɗaya ta amsa.

Labarin mahaifiyarta ne. A ƙarshen rayuwarta tsohuwar ta kamu da ciwon mantuwa, har ta kai tana tambayar Lanying ko 'yar gidan wa ce. Wani jajibirin sabuwar shekara Lanying na naɗa jiaozi a tebur, wato 'yan ƙunshin fulawa da ake cusa wa nama, sai ta ɗora wa tsohuwar ɗan kwaɓin fulawa a tafin hannu don ta samu abin wasa. Yatsun nan suka kama aiki da kansu. Ta ɗebo nama da kabeji, ta ninke, ta tsuke bakin tsaf kamar yadda ta yi shekara da shekaru tana yi. Sannan ta leƙa na Lanying, ta taɓe baki, ta ce, "Lanlan, har yanzu naki kamar kunnen alade." Daga ranar ba ta sake kiran sunanta ba.

Ranar da Huiru ta fara jin labarin, kuka ta yi har da majina, tana goge fuska da tawul ɗin wani tsoho. Ta ce, "Yaya Lan, wannan ko dutse kika faɗa wa sai ya ba ki maki. Sake faɗa, bari in ɗauka a waya, ki ji inda kike tuntuɓe." Lanying ta sake faɗa, tana jin daɗi ta samu ƙanwa a baƙuwar ƙasa.

Ranar jarrabawa katin ya ce ta faɗi wani abinci da ke tuna mata gida. Lanying ta ji kamar ta yi rawa. Ta fara a natse, Turancin na fita sumul, "Mahaifiyata ta manta sunana, amma hannuwanta ba su manta ba." Baturiyar, wata dattijuwa mai furfura, tana rubutu, sai ta dakata. Ta ajiye biro. Ta kalli agogo. Lanying ta kai wurin kunnen alade, matar ko gezau, sai wani guntun murmushi irin na wanda ya gaji. Da lokaci ya cika ta ce, "Na gode. Bari mu yi magana a kan wani abu dabam." Daga nan ta shiga jefo mata tambayoyi masu kaifi, ɗaya bayan ɗaya, kamar 'yar sanda ta kama ɓarauniya.

Lanying ta fito, ta shiga banɗaki don ta wanke fuska. A gaban madubi wata budurwa na shafa jan baki, tana maimaita wani abu ƙasa-ƙasa da Turanci. Lanying ta buɗe famfo, sai kunnenta ya kama. "Mahaifiyata ta manta sunana, amma hannuwanta ba su manta ba." Budurwar ta matse leɓɓa, ta duba haƙoranta, ta ci gaba har kunnen alade.

"Ina kika samo wannan?"

"Na Malam Kuang ne, Anti. Ke ma shi za ki yi? Kash, ashe mun yi yawa. Mu shida ne a ajinmu kaɗai." Ta rufe jan bakin. "Ni dai wurin kukan ne ke ba ni wuya, dariya yake ba ni."

Washegari Lanying ta tarar da Huiru a ɗakin wanki tana cin tuffa.

"Ke kika ba shi?"

"Yaya Lan, zauna mana, kin tsaya mini a kai."

"Tambayarki nake yi."

Huiru ta haɗiye abin da ke bakinta. "To, na ba shi. Ya ce duk wanda ya kawo labari mai kyau zai sa shi a ajin mutum ɗaya, kin san ba ni da ƙarfin wannan ajin. Na ɗauka 'yan ajin Asabar kawai zai ba. Ni na san zai raba wa duniya?"

"Uwata ce, Huiru."

"Wa ya ce ba uwarki ba ce? Ɗauke miki ita aka yi? Labari ne fa, ba kujera ba, da wani zai zauna ya hana ki. Tsohuwa ma da tana raye sai ta ji daɗi, ga ta tana taimakon mutane." Har da ɗan murmushi, tana miƙo mata rabin tuffar.

Lanying ba ta mare ta ba, ko da yake tafin hannunta ya yi ƙaiƙayi. Ta ɗauki tawul ta shiga ninkewa, ɗaya bayan ɗaya, har kwandon ya ƙare, sannan ta fita.

Sakamako ya fito, makinta na magana ya ma faɗi ƙasa da na baya, irin makin da ake ba wanda aka kama da hadda. Asibitin da ya yi mata alkawarin aiki in ta ci ya ba wata gurbin. Wannan ya yi mata ciwo, amma ba shi ne ya fi ci mata rai ba. Da can, in ta gaji, takan rufe ido a jirgin ƙasa ta koma teburin nan, ta ga tsohuwar da garin fulawa a haɓa, ta ji "Lanlan" da muryar da ta sani. Yanzu in ta rufe ido sai ta ga jan baki a madubi, ta ji Turanci. Ta yi ƙoƙarin faɗa wa kanta labarin da Sinanci, a yadda ya faru, sai jimlolin hadda su rigaye ta. Hoton tsohuwar na nan a wayarta, amma hoto dabam, fuskar da ke motsi a cikin kai dabam, kuma waccan ta tafi. Lanying ta tsani Huiru tsana mai sanyi, wadda ba ta hana cin abinci, ba ta hana aiki. Ba ta son ta ba ta haƙuri. So take Huiru ta ɗanɗana abin da ita ta ɗanɗana, daidai wa daida.

Huiru ita ma ta zauna jarrabawar da ɗaya daga cikin labaran Malam Kuang, na wani kaka mai kamun kifi, ta faɗi warwas. Ajin mutum ɗayan bai tsinana mata komai ba. Bizarta kuma ta kusa ƙarewa, zama ɗaya ya rage mata, in ta sake faɗuwa sai Tianjin. Dariyarta ta ragu. Ta daina zuwa benen agwagwa. Tana ta kewaya Lanying a wurin aiki kamar kyanwar da ta fasa kwano.

Lanying ce ta fara yi mata magana. Wata rana da sanyi ya yi tsanani ta zo da miyar haƙarƙari a kwano biyu, ta tura mata ɗaya.

"Ci. Kin rame."

Huiru ta kalli kwanon, idonta ya ciko. "Yaya Lan, na ɗauka kin yanke ni."

"Ya wuce. Mu biyu ne a nan, in ba mu riƙe juna ba wa zai riƙe mu? Da me za ki shiga wannan karon?"

Huiru ta juya cokali a cikin miyar. Sannan ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Ina da nawa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Malam Kuang. Na mijina ne."

Ai kuwa. Ashe Huiru ta san yadda ake ɓoye nata. Lanying ta ji wani abu ya miƙe a ƙirjinta, amma fuskarta ba ta nuna ba. Ta ce, "Faɗa mini da Sinanci tukuna."

Mijin Huiru direban bas ne, ciwon huhu ya kama shi. Shi ke kai ta ko'ina a kan babur ɗinsa mai caji, ita ko keke ba ta iya ba, tsoro gare ta. Da ya ga ba tashi zai yi ba, sai ya sa aka sauko da shi filin ajiye motoci na asibiti, ya zauna a kan ɗan benci da robar iska a hanci, ya ce ta hau. Ta hau ta faɗi, ta sake hawa ta faɗi, duk sanda ta ɗan tafi sai ta waiwayo ta ga ko yana nan. Shi kuma da ɗan numfashin da ya rage masa yana ɗaga murya, "Kada ki dube ni, dubi gabanki." Ranar da ta zagaye filin ba ta faɗi ba, ta dawo ta tarar ya yi barci a zaune, bakinsa a buɗe, yana murmushi. Bai cika sati ba bayan nan ya rasu.

Labari ne mai kyau, Lanying ba ta yi wa kanta ƙarya a kan wannan ba. Ya fi nata juyuwa ma. Abin da ka koya, shawarar da aka ba ka, mutumin da ka fi ƙauna, wurin da ba za ka manta ba, abin hawa, duk ya shiga.

Daga ranar ta ɗauki Huiru kamar ɗalibarta. Kullum a ɗakin wanki. Ta gyara mata lokutan aikatau, ta cire kalmomin da ke sarƙe mata harshe, ta nuna mata inda za ta dakata ta ja numfashi. "Nan kada ki yi sauri. Ki bar robar iskar ta zauna a idonta tukuna." Ta hana ta rubutawa, ta hana ta ɗauka a waya. "Kin ga abin da ya same ni." Huiru ta sunkuyar da kai. Ta kuma sa ta fita daga guruf ɗin ɗaliban Malam Kuang da ke waya. "Surutu ne kawai, ruɗa ki za su yi. Ki toshe kunnenki har ranar." Huiru ta fita daga guruf ɗin a gabanta, tana godiya. Suka yi rajista rana ɗaya, wuri ɗaya.

Lanying ba ta buƙaci waya ba. Ta ji labarin sau ba adadi, kuma hadda ai gadonmu ce.

Da ya rage 'yan makonni, ta hau benen agwagwa da yamma bayan an tashi aji. A tsakiyar matakala ta ɗan tsaya. Ta tuna yadda Huiru ke dafe ƙirji duk sanda ta zo wurin bencin. Ta rufe ido ta nemi fuskar mahaifiyarta, ta ba ta dama ta ƙarshe ta hana ta. Jan baki ta gani. Ta ƙarasa hawa.

Malam Kuang na zuba ruwan zafi a kofinsa. "A'a, Nas Dou. Kin ɓuya. An ce naki ne na jiaozin nan, ko? Kai, ya yi mana aiki. Sai dai ya mutu yanzu, masu jarrabawa sun gane shi. Haka abin yake, labari ba ya daɗewa, musamman mai kyau."

Ko kunya babu a idonsa. Lanying ta lura ba ta ma jin haushinsa sosai. Shi injin niƙa ne, abin da aka zuba masa yake niƙawa. Wadda ta zuba ita ce abin nema.

"Na kawo maka sabo, Malam."

Ya ajiye kofin, ya jawo takarda. Ta tsaya a gaban allo, ta faɗe shi daga farko har ƙarshe, da Turanci gyararre, da wuraren dakatawa, da komai. Biron Malam Kuang na gudu. Da ta kai wurin "dubi gabanki" ya ɗago, ya cire tabarau ya goge.

"Wannan zinariya ce. Na wa ne?"

"Na wata ce. Ta ce labari ba kujera ba ne."

Bai gane ba, bai kuma damu ba. "Maza fa? Ina da maza da yawa wannan zangon."

"Su mai da shi uba. Ko mata. 'Yan mata su ce saurayi. Bencin da robar iskar kada a taɓa su, su ne ran labarin. Ka ba duk masu zama a ƙarshen wata, kada ka ware kowa."

"Zan sa ki a ajin mutum ɗaya, kyauta."

"Ba na so."

Ta sauko, ta sayi rabin agwagwa a ƙasa, ta cinye ita kaɗai a ɗakinta, kuma ta ji daɗinta ƙwarai. Washegari ta shiga ɗakin wanki ta ce, "To ƙanwata, daga farko. Jiya kin yi sauri a wurin faɗuwa ta biyu."

Ita kanta ba ta shirya komai ba. Huiru ta tambaye ta da me za ta shiga, ta ce abin da katin ya kawo. Ba ta da wani labarin, kuma ba ta da niyyar tono wani daga cikinta don wata Baturiya ta auna shi da biro.

Ranar jarrabawa suka hau jirgin ƙasa tare zuwa cikin gari. Huiru ta sa jar riga don sa'a, ta kawo dafaffen ƙwai ta ba Lanying. Hannunta sanyi ƙalau. "Yaya Lan, jiya na yi mafarkin mijina. Ina jin yau zai raka ni." Lanying ta ɓare ƙwan ta ci.

Wurin jira dogon baranda ne mai kujeru a jere, an karɓe wayoyi, kowa ya zauna da lambarsa a hannu. Kusan rabin mutanen namu ne, kuma namu ba sa zaman banza kafin jarrabawa, kowa leɓɓansa na motsi. Suka samu kujeru biyu a tsakiya. Lanying ta jingina, ta harɗe hannu, ta jira.

Ba ta daɗe tana jira ba. A hannun hagunsu wani mutum mai ƙiba da jakar ofis, da gani akanta ne, yana hadda da ƙarfi irin na wanda bai san muryarsa na fita ba. "Ya zauna a kan ɗan benci, da robar iska a hancinsa." Ya tsaya, ya kalli silin, ya sake. "Da robar iska a hancinsa."

Lanying na kallon gefen fuskar Huiru. Da farko goshinta ne ya ɗan tattare, kamar wadda ta ji an kira sunanta daga nesa. Sannan ta juya. Mutumin ya ci gaba, mahaifinsa ne, in ji shi, direban bas. Daga bayansu wasu 'yan mata biyu na yi wa juna bita. Ɗaya ta ce, "Kada ki dube ni, dubi gabanki," ta sa hannu a ƙirji, ta yi tarin ƙarya, ɗayar ta tuntsire da dariya ta ce, "Ƙara tarin, bai isa ba, mutumin fa mutuwa zai yi." Can gaba wata mai ciki na ƙirga faɗuwar da yatsu, ta faɗi, ta sake faɗi.

Jinin fuskar Huiru ya tsiyaye. Ta dafa hannun kujera ta ɗan miƙe, ta dubi hagu, ta dubi dama, baranda gaba ɗaya na raɗa da mijinta. Ta matsa wurin mai jakar.

"Malam, ba mahaifi ba ne."

"Na'am?"

"Ba mahaifinka ba ne. Kuma ba a faɗa da ƙarfi haka, ba shi da numfashi."

Mutumin ya dube ta sama da ƙasa. "Anti, kowa da yadda yake juya nasa. Ki yi naki mana." Ya juya mata baya ya ci gaba.

Huiru ta dawo ta zauna a hankali, kamar tsohuwa. Ta daɗe tana kallon lambar da ke hannunta kafin ta juyo. Lanying ba ta kau da kai ba. Watanni ta yi tana jiran wannan kallon, ba za ta yi asarar ko ƙyaftawa ɗaya ba.

"Ke ce."

"Ni ce."

"Duka kika ba shi? Har barcin?"

"Har barcin. Har bakinsa a buɗe."

"Miyar da kika kawo mini fa? Duk gyaran nan da kika yi mini?"

"Ina so ya yi kyau. Labari mara kyau ba ya yaɗuwa."

Huiru ta matse lambar a hannunta. "Zama na ƙarshe ne, Yaya Lan. Kin sani. Tianjin zan koma."

"Na sani."

Kuma ta ji daɗi. Ba za a ce ba ta ji ba. Wani daɗi ne mai nauyi da ya sauka mata har cikin ciki, kamar ruwan zafi a ranar sanyi. Ta nemi nadama a ranta, don ta yi zaton za ta zo, ba ta same ta ba.

Aka shigar da mai jakar. Aka shigar da ɗaya daga 'yan matan, ta fito tana yi wa ƙawarta alama da yatsa cewa ya shiga daidai. Mai cikin ta shiga wata ƙofar. Sannan aka kira lambar Huiru. Sai da aka kira sau biyu ta tashi, jar rigarta ta maƙale a hannun kujera, ta fizge.

Ƙofar na da ɗan gilashi a tsakiya, daga inda Lanying take tana hango rabin ɗakin. Mai jarrabawar wani Bature ne dogo mai gemu. Suka yi gaisuwa da ƙananan tambayoyi. Ya miƙa kati. Huiru ta karanta, ta riƙe fensirin da aka ba ta, ba ta rubuta komai ba. Ya yi mata alama ta fara. Bakinta ya buɗe. Lanying ta ga leɓɓan sun yi motsi sau ɗaya, sau biyu, sannan suka tsaya. Mutumin ya jira. Ya ce wani abu a hankali. Huiru na kallon bango a bayan kansa, kamar mai neman wani a cikin taro. Minti biyu ba komai ba ne in mutum na magana, amma a shiru dogo ne ƙwarai, kuma Lanying ta kalle shi duka. Daga ƙarshe Baturen ya tura mata kwalin tishu. Ba ta ɗauka ba, don ba kuka take yi ba.

Da ta fito ba ta wuce ba. Ta tsaya a gaban Lanying, hannuwanta a sake. Ba zagi a fuskarta, ba fushi, tsoro ne zalla.

"Katin ya ce in faɗi abin da wani ya koya mini," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Na ce ko sun ji sau ɗari zan faɗa, nawa ne. Na duba bencin a raina, Yaya Lan. Mai jakar nan na gani a zaune. Na nemi fuskar mijina, ban same ta ba. Muryarsa ma ta yarinyar nan ce, da tarin." Ta matso kusa. "Zai dawo, ko? In na huta. In na koma gida."

Lanying ta dube ta. Ta san akwai amsa mai sauƙi da nas ke ba 'yan uwan majinyaci a baranda, ta ba da ita sau dubu a Shenyang. Ta riƙe ta.

"Ba ya dawowa," ta ce. "Na gwada."

Aka kira lambarta. Ta miƙe, ta gyara rigarta, ta zagaye Huiru da ke tsaye a hanya, ta tura ƙofar.